Motar Litinin da Alhamis

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Na sayi motar. Ina rubuta shi a nan don in gani da idona, tunda ban da matata Sauda ba wanda na gaya wa.

A garejin Alhaji Lukman na same ta, cikin Sakkwato, can ƙurya bayan manyan motoci. Fara ce, ƙarama, ta hannu. An yi shekaru ana hawanta a wata ƙasa kafin ta zo nan. Ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya. Alhaji ya dafa bayanta ya ce, "Malam Uwaisu, wagga in ka cika ta, Goronyo zuwa Sakkwato ka koma, ko nishi ba ta yi." Na tambaye shi batir. Ya ce, "Batir lahiya lau na. Duba allo da kanka." Allon ya nuna kilomita ɗari da tamanin. Ni malamin lissafi ne, shekara goma sha ɗaya ina koyar da yara a ƙaramar sakandare, kuma daga ƙofar gidana zuwa asibiti bai kai saba'in da biyar ba. Na ga ya isa har da saura.

Duk Litinin da Alhamis sai na kai matata a ɗora ta bisa injin da ke wanke mata jini. Wata huɗu ke nan muna yi a motar haya. Warin fetur ke tayar mata da amai tun daga tasha, mutum huɗu a kujerar baya, ga bututu a wuyanta da ba a son a taɓa. Shekaranjiya wani fasinja ya toshe hanci ya ce a sauke gilashi. Sauda ta ja mayafi ta rufe fuska har Achida.

Fadamar Baba ta tafi. Ba zan yi magana a kanta ba. Farantan sola na famfon ban-ruwa kaɗai na ciro na kawo gida.

Lahadi, 6 ga Afrilu, azahar

Zaharaddeen mai haɗa sola ya zo daga Wurno, ya jera farantan bisa rufin ɗaki, ya haɗa wayoyi zuwa zaure inda motar ke kwana. Wutar gari ba mu gan ta ba tun kafin azumi, don haka rana ce gidan manmu.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Malam, wanga zahi na cin batir. Kuma tsohon batir ƙarya yakan yi, awa mudun da anka ɗaga ma gindi." Na ce Alhaji ya ba ni tabbaci. Ya ce, "To, Allah shi sa."

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan magariba

Ba ta yi amai ba.

Na kunna mata esi tun daga gida, sanyi ya cika motar, kafin mu kai Wurno ta yi barci da baki buɗe kamar yarinya. A Achida ta farka ta ce tana son ƙosai. Wata nawa rabon da ta nemi wani abu da bakinta. Na saya, ta ci ɗaya da rabi.

Da munka isa asibiti allon na nuna hamsin. Ɗari da tamanin muka taso da shi. Na bar ta bisa inji na kai motar garejin Alhaji aka jona ta, kamar yadda munka yi alkawari. Na nuna mai lambar. Ya yi dariya ya ce, "Baƙuwa ta, sai ta saba da hanya."

Amma ba ta yi amai ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, magariba

Mun je mun dawo. Da ɗari da saba'in munka taso, da arba'in munka isa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan sauka daga masallaci

Yaya Mainasara ya zo daga Rabah. Shi ne wan Sauda, shi ya riƙe ta tun rasuwar babansu, shi ya ba ni aurenta. Labarin fadama ya riga ni isa kunnensa.

Ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Ina tankinta?" Na ce ba ta da shi. Ya ce, "In ta tsaya maka cikin daji, galan ɗin mi za ka ɗauka ka nemo?" Na fara yi mai bayanin kilomita. Ya ce, "Uwaisu, ka sai da ƙasar da ka ci da ku, ka sawo rediyo mai taya. Da ka shawarce ni da na haɗa ka da direba guda, shi ɗauke ku ku kaɗai."

Daga ɗaki Sauda ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta. "Yaya, sau biyu ina tahiya ban yi amai ba. Ƙyale shi."

Ya shiga ya zauna da ita har la'asar. Da zai tafi ya ɗauki Habi, ɗiyarmu, ya ce ta zauna wurin kakarta Inna Laraba sai uwarta ta ji sauƙi. Habi ta so ta hau sabuwar mota ko zuwa tasha ne. Na ce wata rana. Caji nake tattali.

Litinin, 14 ga Afrilu, magariba

Likita ya kira ni baranda. Yawancin abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Guda ɗaya zan rubuta don kada in manta: kada ta tsallake ko sau ɗaya. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa, wanda bai zo a kan lokacinsa ba a ba wani.

Da dawowa sanyi take ji, ta ce in kashe esi. Casa'in kawai motar ta ci har gida. Ashe sanyin ke shanye kusan kashi ɗaya cikin uku.

Laraba, 16 ga Afrilu, hantsi

Ƙaramin kofi guda biyu na ruwa a wuni, shi ne iyakarta. A cikin wanga zafi da kaji ke buɗe baki a inuwa. Na daina shan ruwa gabanta. Takan ce in jiƙa tsumma in shafa mata a leɓe, sai in ga tana tsotsar tsumman a ɓoye. Ina yi kamar ban gani ba.

Shugaban makaranta ya ce in daina neman izini, in tafi kawai.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan magariba

Jiya Zaharaddeen ya zo da wata 'yar na'ura ya jona ƙarƙashin sitiyari, ya duba a wayarsa. Ya ce batirin rabinsa ya mutu tun kafin a sauke motar daga jirgi. Ya ce an taɓa allon don ya riƙa nuna abin da babu.

Yau na gaya wa Alhaji Lukman. Bai yi fushi ba, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya ce shi ma haka ya saye ta, bai buɗe cikinta ba. Ya ce akwai wani batir da zai zo daga Legas, in yi haƙuri. Na ce yaushe. Ya ce, "Kaya na hanya, Malam. Mi zan ce maka? Na hanya na hanya na."

Na sha ruwan. Ina jin kunyar yadda na shanye shi duka.

Alhamis, 24 ga Afrilu, magariba

Yau ta fito da ɗan ƙarfi. Da munka zo fadamar Wurno ta ce in tsaya. Shinkafar rani ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, ana ta kaɗa tsuntsaye. Na sauke mata gilashi, ta sa hannu waje ta daɗe.

Ta ce, "Malam, ka yi kewar taka?"

Na ce wace.

Ta ce, "Ka san wadda nika nuhi."

Na ce albasa bana ba ta yi kuɗi ba, na huta da wahala. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa Yaya ya ba ka ni."

Litinin, 28 ga Afrilu, magariba

Mun je mun dawo. Batirin Legas na hanya.

Laraba, 30 ga Afrilu, la'asar

Tun jiya hadari ya rufe gari, ba ruwa, ba rana. Farantan na kwance bisa rufi ba abin da suke ja. Na aro janareton maƙwabci, da an jona sai ya yi gurnani ya mutu. Sau huɗu.

Allon na nuna casa'in da shida.

Na ce mata gobe mu bi motar haya. Ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, don Allah kada ka maishe ni cikin warin nan." Kwana uku ba ta yi barci ba saboda ƙaiƙayi da zafi.

Casa'in da shida. In ba esi, casa'in. Ya isa. Na sake yi a takarda, ya isa.

Alhamis, 1 ga Mayu, magariba

Ba mu samu ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, hantsi

A Dinawa motar ta tsaya jiya. Fitila ta kunna a allo, motar ta rage gudu kamar mai jan ƙafa, na samu na sauka gefen titi ta mutu. Ƙarfe tara saura.

Mutanen wurin sun kyauta. Wata tsohuwa ta shimfiɗa wa Sauda tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Motocin haya duk cike suke wucewa, babur kuwa ba za ta iya zama a kai ba. Sai wajen sha ɗaya wani mai a-kori-kura da ya ɗauko albasa ya yarda ya sa ta gaba, ni na hau bisa buhuna. Ina jin amanta ta gilashin baya har Sakkwato.

An yi azahar kafin mu shiga. Wani dattijo ne kwance a wurinta. Ma'aikaciyar ta ce sai Litinin, sai dai in wani bai zo ba kafin nan, za ta kira ni.

Batir ne. Duk wanda ya tambaya na ce batir ne. Na gaya wa Yaya Mainasara a waya batir ne. Ai kuwa batir ne.

Asabar, 3 ga Mayu, azahar

Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Ba ta iya kwanciya, sai dai in jera matasai ta jingina da bango. Numfashinta na ƙara kamar ana zuƙar ƙarshen kunu da tsinke.

Na kira asibiti sau biyar. Kowa ya zo.

An ja motar zuwa shagon Zaharaddeen a Wurno. Rana ta fito tun safe, tas, ba ko ɗigon girgije.

Lahadi, 4 ga Mayu, la'asar

Ba ta kai Litinin ba. Da hantsi leɓenta ya canza launi. Yaya Mainasara ya zo da motar wani abokinsa munka kai ta, an ba ta gado, an sa mata abin numfashi, an ɗora ta bisa inji ba layi.

Ashe akwai hanyar samun inji ba layi.

Talata, 6 ga Mayu, azahar

Yaya ba ya yi mini magana. In zai ba ni abu sai ya ajiye a benci.

Da safe ya tafi garejin Alhaji Lukman. Ban bi shi ba, ban kuma hana shi ba. An ce har mutane sunka taru. An ce ya kira shi azzalumi, ya ce ya sayar wa mai majinyaci gawar mota. Alhaji ya ce abin hannu abin hannu ne, ba shi ya ƙera batir ba, kuma ba a kan wuƙa aka saya ba.

Ya dawo yana huci ya zauna nesa da ni. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan mutum Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan Juma'a

Baranda kuma. Wannan karon mu biyu likita ya kira, ni da Yaya. Ya ce ruwan da ya taru ya wahalar da zuciya, kuma dama zuciyar ba ƙarfi gare ta ba. Ya ce za su ci gaba in muna so. Ya faɗi "in kuna so" sau biyu.

Yaya ya tambaye shi ko da an samu ranar Alhamis da ba a kai haka ba. Likita ya ce Allah kaɗai ya sani. Ya daɗe yana gyara alƙalami a aljihu kafin ya faɗa.

Litinin, 12 ga Mayu, la'asar

Yau ta suma bisa injin, sai da anka cire ta kafin lokaci. Da ta dawo hayyacinta ta kira mu.

Ta ce, "Ku kai ni Rabah wurin Inna."

Yaya ya ce sai ta ƙara jin sauƙi. Ta ce, "Yaya, na gaji. Ina son in ga Habi ba da allura ga hannuna ba." Sannan ta dube ni ta ce, "Cikin motarmu."

Yaya ya ce ba za a sake sa ƙanwarsa cikin wannan akwati ba. Ta ce, "To sai ka goya ni." Ya fita waje. Da ya dawo idonsa ja, ya ce mini, "Tahi ka ɗauko ta." Karon farko da ya dube ni ya yi mini magana cikin kwana takwas.

Laraba, 14 ga Mayu, magariba, Rabah

Zaharaddeen ya cika ta, ya ƙi karɓar komi. Yaya ya biyo mu a baya bisa babur, da igiya ɗaure a kujerarsa.

Da munka fita gari ta ce in kunna esi. Na kai hannu na kasa. Ita ta miƙa yatsa ta danna da kanta. Ta fara wata magana a kan ranar Dinawa, na ce ta bari. Ta ce, "Malam, ni na roƙe ka." Na ce ta bari, don Allah ta bari. Ta bari.

Mun iso lafiya. Habi ta rugo, da ta ga uwarta sai ta tsaya cak a tsakar gida.

Alhamis, 15 ga Mayu, hantsi

Yau Alhamis. Ba mu je ba. Ita ta ce.

Asabar, 17 ga Mayu, la'asar

Ta sa an zaunar da ita a inuwar rumfa ta yi wa Habi kitso. Layi biyu ta yi hannunta ya ƙi, Inna Laraba ta ƙarasa.

Bayan nan ta ce tana son ruwan randa. Inna ta ɗauko babban moɗa ta cika, ta kawo. Na buɗe baki. Inna ta dube ni, duban da ba ta taɓa yi mini ba tun da na zama surukinta, na rufe.

Ta shanye duka, a hankali, ruwan na bin haɓarta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe haka ruwa yake."

Litinin, 19 ga Mayu, azahar

An yi jana'izarta da ƙarfe tara. Mutane sun zo daga Goronyo da Kagara, malaman makarantarmu duka sun zo. Zaharaddeen ya zo. Ni da Yaya munka shiga ramin.

Talata, 20 ga Mayu, bayan asuba

Habi ta ƙi yarda a taɓa kanta.

Alhamis, 22 ga Mayu, magariba, Goronyo

An yi sadakar uku jiya. Yau Inna ta ce a je Goronyo a kwaso kayan Habi da takardunta na makaranta. Mai injin niƙa na unguwarsu ya jona mini motar a babban janaretonsa. Ina shirin tashi sai Yaya Mainasara ya buɗe ƙofar gaba ya shigo ya zauna. Bai taɓa shigarta ba.

Bayan mun wuce Wurno na ji ba zan iya kai maganar gida a cikina ba. Na sauka gefen hanya na tsaya.

Na ce, "Yaya, ba batir kaɗai ba ne."

Ya juyo.

Na gaya mai. Na ce da casa'in da shida munka taso, kuma na san in ba esi za mu isa. Muna fita Goronyo ta ce zafi, in kunna mata ko na minti biyar. Na kunna. Kafin minti biyar ɗin ta yi barci, barcin da ta kwana uku ba ta samu ba. Na ce bari in ƙara mata kaɗan. Ina kallon lambar tana sauka, saba'in, hamsin da biyar, arba'in, hannuna na kan maɓallin. Duk sanda zan danna sai in dubi fuskarta in ce sai mun wuce wancan ƙauye. Ni da nake koya wa yara lissafi. Na ce na bar shi ya je ya zagi Alhaji Lukman gaban jama'a, na ce amin, alhali na sani.

Wata motar itace ta wuce mu, motarmu ta girgiza.

Ya ce, "Ta yi kwana?"

Na ce ta yi barci tun daga bayan gari har Dinawa. Ko da motar ta tsaya ba ta farka ba, sai da zafi ya dawo.

Ya ce, "Kwana sosai?"

Na ce har da minshari.

Ya cire hularsa ya riƙe a cinya, yana juya ta. Ya share fuska da hannun riga. Na jira ya faɗi duk abin da zai faɗa, na shirya.

Ya ce, "Tun tana ƙarama haka take, in zahi ya yi ba ta kwana. Ni ka yi mata fifita." Ya mayar da hular. "Wagga magana ta tsaya nan. Kada Inna ta ji, kada Habi ta ji."

Na ce to.

Ya ce, "Tada mota, Uwaisu. Yarinya na jiran kayanta."